Farcen Da Ya Shige Nama: Asalinsa, Rigakafinsa Da Maganinsa

Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin halittar jikin ɗan Adam duka, da wuya a sami abin da mu ke rainawa kamar farcen ƙafa. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya kai loma baki. Yana can ƙasa cikin ƙura, sai ya yi tsawo ya kece safa kana mu tuna da shi. Amma ran da gefensa ya soki naman yatsa ya shige ciki, sai ka ga ƙaton da ke ɗaukar buhun albasa shi kaɗai yana ɗingishi kamar ya taka ƙaya, in dare ya yi kuwa ko mayafi ya taɓa yatsan sai ya farka. Wannan ciwo shi ne mu ke so mu yi magana a kansa, mu bayyana inda ya ke fitowa, da yadda a ke kauce masa, da abin da ya kamata a yi in ya riga ya kama mutum. Waɗansu su kan ce farce, waɗansu ƙumba, a ƙasar Sakkwato kuwa akaifa ta fi yawa a baki. Duk abu guda ne, mu dai za mu riƙa cewa farce.

Wanda ya ke so ya gane asalin ciwon nan, ya zo ƙasar Wamakko, yamma da birnin Sakkwato, ya dubi ƙafafun masu wucewa. Ga manoman fadama na bakin gulbi, masu shinkafa da albasa, waɗanda yawancin rayuwarsu da faɗe su ke yi ko ƙafa tsirara. Ga ma'aikatan masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, suna wuni cikin takalmi mai nauyi mai bakin ƙarfe. Ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da sau-ciki mai tsinin baki. Ga kuma samari da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka fara a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, waɗanda sansaninsu na Jihar Sakkwato ke nan Wamakko. Su kan yi mako 3 suna fareti safe da yamma cikin kambas da takalmi irin na soja. In aka bi waɗannan mutane aka tambaya wa ya fi kuka da farcen da ya shige nama, za a tarar masu rufaffen takalmi ne, ba manomin da ke cikin taɓo ba.

Wannan ba abin nan ƙasar kaɗai ba ne. A 1949 wani mai duba ƙafa na Amurka, Samuel Shulman, ya buga labarin binciken da ya yi a ƙasar Sin da Indiya, inda ya duba ƙafafun mutum fiye da 5,000 waɗanda ba su taɓa sa takalmi ba. Ya ce bai sami wannan ciwo a cikinsu ba. Ba muna cewa a yar da takalmi ba ne, don kuwa ƙaya da kunama da maciji da tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa duk suna nan suna jira. Abin da mu ke nufi shi ne, farce ba ya shiga nama don mugunta tasa. Yawanci mu ne mu ke tura shi, da hannunmu wajen yanka, da ƙafarmu wajen zaɓen takalmi.

Yadda Farce Ya Ke Tsira

Farce ba daga bakinsa ya ke tsira ba, daga gindinsa ne. Can ƙarƙashin fatar da ta rufe gindin akwai wata saiwa mai taushi, ita ce ke ƙera sabon farce kullum, sabo yana tura tsoho gaba. Ɗan farin nan mai kama da jinjirin wata da a ke gani a gindin farcen babban yatsa, shi ne bakin saiwar. Tafiyar farcen ƙafa kuwa tafiyar hawainiya ce. A wata guda ba ya wuce kamar milimita 1 da rabi, watau bai cika kai ƙwayar gero ba, farcen hannu kuwa ya ninka shi biyu. Saboda haka in farcen babban yatsa ya fita gaba ɗaya, ya kan yi wata 12 har zuwa 18 kafin ya koma yadda ya ke.

A dama da hagun na kowane farce akwai wata 'yar hanya cikin nama, wadda gefen farcen ke bi yana tafiya, kamar ruwa cikin lambatu. Muddin kusurwar farcen ta fito ta wuce bakin naman, hanyar a buɗe ta ke, babu abin da zai soki wani. Amma kowa ya sani hanyar da aka daina bi ciyawa ke rufe ta. In aka yanke kusurwar har ta koma baya, sai naman da ke gabanta ya taso ya cike gurbin, domin kowane taki da mutum ya yi ƙasa tana tura naman yatsa sama. Babban yatsa kuwa shi ne na ƙarshen barin ƙasa, a kansa nauyin jiki ke sauka sa'ad da mutum zai ɗaga ƙafa, shi ya sa ciwon ya fi kama shi bisa sauran. Bayan 'yan makonni farce ya iso, ya tarar an toshe masa hanya. Shi kuwa ba ya tsayawa, ba ya kuma kewayawa. Sai ya huda.

Abubuwan Da Ke Kawo Shi

Na farko, kuma babbansu, mugun yanka. Yawancinmu mu kan yanke farcen ƙafa kamar na hannu, mu zagaye shi, mu bi kusurwa mu ƙwaƙule, muna ganin tsabta ke nan. To, ainihin gefen farcen yana ɓoye ƙarƙashin nama, reza ba ta kai gare shi. Sai mutum ya yanka ya kusa ƙarshe, ya kama sauran ya fizge. Abin da ya rage can ciki wani ɗan tsini ne kamar ƙayar kifi, ido ba ya ganinsa. Farce na tafiya, tsinin na gaba, har ya nutse cikin nama. Da mutum ya ji zafi sai ya sake ɗaukar reza ya ƙara ƙwaƙulewa. Ya sami sauƙin mako ɗaya ko biyu, ya ce ya warke, alhali kuwa ya bar wani sabon tsini wanda ya fi na farko zurfi. Haka waɗansu ke yi shekara da shekaru, maganinsu shi ne cutarsu.

Na biyu, matsattsen takalmi. Takalmin da bakinsa ya tsuke yana matse naman yatsa bisa gefen farce, wanda ya gajarta kuwa yana dukan bakin farcen kowane taki. Safa mai matsi ma haka ta ke yi. Yaran makaranta sun fi shan wannan wahala, don ƙafarsu tana girma, takalmi kuwa ba ya girma, uba kuma ya saya da niyyar ya kai shekara biyu. 'Yan mata masu takalmi mai tsinin dunduniya su ma suna ciki, don nauyinsu duka yana gangarowa kan yatsu. Sojoji sun daɗe da sanin wannan. A 1912 wani likitan sojan Amurka, Edward Munson, bayan ya duba ƙafafun sojoji masu yawa, ya fitar da sabon fasalin takalmi mai faɗin baki domin yatsu su sami wurin sakewa, aka kuwa yi shekaru ana ɗinka wa sojan ƙasar takalmi a kan fasalinsa.

Na uku, gumi. A watannin bazara zafin Sakkwato ya kan wuce digiri 40. Ƙafar da ta wuni cikin rufaffen takalmi a irin wannan zafi fatarta ta kan jiƙe ta yi laushi, fata mai laushi kuwa ba ta da wuyar hudawa. Samari masu tasowa sun fi kowa gumin ƙafa, su ne kuma masu ƙwallo da guje-guje, saboda haka ciwon ya fi yawa tsakanin masu shekara goma sha zuwa ashirin da 'yan kai.

Na huɗu, rauni. Tuntuɓe da dutse, ko faɗuwar bulo bisa yatsa, ko takun dabba, ko dukan ƙwallo da tsinin ƙafa, duk suna iya tsaga farce ko su karkatar da saiwarsa, ya riƙa fitowa a karkace.

Na biyar, halitta da shekaru. Akwai gidan da farcensu ya ke da faɗi ko lanƙwasa tun asali, ɗa ya gada wurin uba. Tsofaffi kuma farcensu ya kan yi kauri ya naɗe kamar ganyen da ya bushe, balle in wata cuta mai kama da makero ta shiga cikinsa ta mai da shi rawaya. Ƙiba mai yawa da kumburin ƙafa su ma suna ƙara tura nama bisa farce. Waɗannan ba laifin mai su ba ne, amma sun wajabta masa ya fi kowa kula.

Hawa Uku Na Ciwon

Likitoci sun kasa ciwon nan hawa uku, sanin su kuwa yana da amfani, domin kowane hawa da irin maganinsa. A hawa na fari, gefen yatsa ya yi ja, ya ɗan kumbura, in an danna ko an sa takalmi ya yi zafi, amma fata ba ta fashe ba. A hawa na biyu, farce ya huda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta da ke zaune bisa fata da cikin takalmi sun sami ƙofa, wurin ya ɗauki zafi, yana zuga, yana fid da ruwa ko mugunya, har da wari. A hawa na uku, jiki ya gaji da ƙoƙarin rufe miki alhali tsinin yana ciki, sai wani jan nama mai taushi ya tsiro ya hau kan farcen, ko an ɗan taɓa shi sai jini. Gefen yatsan ya yi kauri ya taurare. Wanda ya kai nan, jiƙa ƙafa da shafe-shafe ba su fisshe shi.

Kada a gama wannan da karkare, wanda ya fi kama yatsan hannu, ya tara mugunya ba tare da farce ya soki kowa ba. Kowannensu dai, in ya yi mugunya, na asibiti ne.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa rigakafin ba ya cin ko kwabo. Ga sharuɗɗansa.

1. A yanke farcen ƙafa a miƙe, daga gefe zuwa gefe, kada a zagaye. Kusurwa biyun nan su kasance a waje, ido yana ganinsu, sun ɗan wuce bakin nama. In kaifinsu yana kama safa, a goge shi kaɗan da ɗan magagari, kada a yanke.

2. Kada a yanke shi ƙwarai. A bar ɗan farin baki kamar milimita 1 ko 2. Yankan farce yana cikin tsabtar da addinin Musulunci ya koyar, an kuma iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. To, mu lura, cikin kwana 40 abin da farcen ƙafa ke ƙarawa bai fi milimita 2 ba. Wanda ya saba yanke na hannu kowace Juma'a ya yi kyau, amma in ya ce lalle sai na ƙafa ma ya sha reza kowane mako, ba zai sami abin yanka ba sai ya shiga nama. Sau ɗaya a wata ya ishi yawancin mutane.

3. A yanka bayan wanka, sa'ad da farce ya yi laushi, da abin yankan farce mai kaifi ko almakashi mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan, a wuri mai haske. Kada a fizge, kada a ɓantare da hannu.

4. Kowa ya mallaki nasa abin yanka. Masu yankan farce da ke zagaya kasuwa da tasha suna da gwaninta, sana'arsu kuwa halal ce, amma almakashin da ya fid da jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki ya kai wa na gaba, ɗan ruwan kumfa kuwa ba ya kashe su. Wanda zai ba da ƙafarsa, ya miƙa nasa kayan, ya kuma ce, "Malam, a miƙe za ka yanka, ka bar mini kusurwa."

5. A gwada takalmi kafin a saya, a tsaye, da safa, kuma da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura in ta wuni tana aiki. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a sami wurin da faɗin babban yatsan hannu zai zauna, yatsu kuma su iya motsi a ciki. Kada a yarda da maganar mai sayarwa cewa zai saki. Kafin ya saki, ƙafa ta riga ta biya. Wanda aka ba takalmin aiki ko na fareti bai yi masa daidai ba, ya nemi musanya tun ran farko, ya kuma ɗaure igiya sosai don kada ƙafa ta riƙa zamewa gaba.

6. A sa safa ta auduga, a sake ta kullum. In da hali a yi takalmi biyu, yau wannan gobe wancan, ɗaya yana shan iska. Bayan wanka ko alwala a share tsakanin yatsu su bushe kafin a mai da ƙafa cikin sau-ciki. Da an tashi daga aiki a koma faɗe.

Magani A Gida

In ciwon yana hawa na fari, mutum kuwa lafiyayye ne, yana iya gwada wannan. Ya ajiye rufaffen takalmi tukuna. Ya sami kwano mai tsabta, ya zuba ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, da ɗan sabulu ko ɗan gishiri, ya jiƙa ƙafar minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. In ya fitar, ya share ta bushe, ya sa yatsa ya riƙa tura naman a hankali yana raba shi da gefen farcen. Sa'an nan ya murza 'yar auduga mai tsabta ta yi kamar lagwani ƙarami, ya ɗaga kusurwar farcen kaɗan, ya cusa ta ƙarƙashi, domin ta zama matashi tsakanin farce da nama. Ya sake ta kullum, ya ɗiga aidin ko ya shafa man kashe ƙwayoyin cuta. Waɗansu su kan manna filasta a gefen yatsan, su ja naman ƙasa su naɗe, shi ma yana taimako, muddin ba a ɗaure yatsan tam ba. In zafi ya dame shi ya sha farasitamol bisa ƙa'ida.

Abin da a ke nema da wannan duka shi ne a ba kusurwar farce hanya har ta fito ta wuce nama. Tun da ya ke mun ga irin tafiyar farce, lalle sai an yi haƙuri: zafi ya kan ragu cikin 'yan kwanaki, amma fitowar kusurwa sai makonni, wani lokaci wata biyu ko uku. In kuwa an yi kwana 3 zuwa 5 babu sauƙi, ko mugunya ta fito, magani a gida ya ƙare.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai abubuwan da mutane ke yi waɗanda ya kamata a bari. Waɗansu su kan tsaga tsakiyar bakin farce, ko su kankare bayansa da reza, wai don gefuna su tattaro ciki. Wannan ba ya yin kome, don mun riga mun ga daga gindi farce ke tsira, abin da aka yi wa bakinsa ba ya sake faɗinsa. Waɗansu su kan zuba kananzir, ko man birki, ko ruwan batir, ko toka, ko kashin shanu. Na farkon suna ƙona naman da ke neman warkewa, na ƙarshen kuwa yana iya kawo tetanus, ciwon nan mai sandare jiki ya sarƙe haƙora, wanda ya kan kashe. Waɗansu kuma su sayi kafso a kasuwa su fasa su barbaɗa. Ko da maganin na ƙwarai ne, wanda ƙaya ke cikin ƙafarsa ba shafi zai warkar da shi ba sai an cire ƙayar.

Aikin Likita

Tsoron asibiti ya sa mutane da yawa suna zaune da wannan ciwo, suna tsammani za a zare musu farce da ɗanyen jiki. Aikin kuwa tsoho ne, an daɗe ana gyara shi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayani cikin littafinsa At-Tasrif a kan ɗaga kusurwar farcen da ke sukar nama, da rage naman da ya tsiro a sa masa magani mai ci. Abin da zamaninsa ya rasa shi ne allurar kashe zafi da sanin ƙwayoyin cuta. Mu kuwa Allah ya hore mana su.

Ga yadda a ke yi yanzu. Likita ya kan yi allura a gindin yatsan, dama da hagun, yatsan ya mutu mururus, mutum yana zaune ido biyu. Ya ɗaura 'yar roba don tsai da jini. Sa'an nan ya tsaga wani siririn yanki na gefen farcen, kamar milimita 3 ko 4, tun daga baki har gindi, ya zare shi tare da tsininsa. In ciwon mai dawowa ne, sai ya kashe ɗan ɓangaren saiwar da ke ƙera wannan gefe, don kada ya sake tsira. Waɗansu su kan yanke ɓangaren da wuƙa, hanyar da wani likita Winograd ya bayyana a 1929. Waɗansu su kan shafa masa finol, watau ruwan kabolik ɗin nan da Joseph Lister ya fara tsabtace miki da shi a Biritaniya wajen 1865, wanda Otto Boll ya bayyana amfaninsa ga farce a 1945. Aikin duka ba ya cika wuce rabin sa'a, mutum ya koma gida ran nan. Mikin ya kan yi 'yan makonni yana ɗan fid da ruwa, ana wankewa ana sake bandeji, sa'an nan ya rufe. Abin da ya rage farce ne sosai, sai dai ya ɗan rage faɗi.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Zare farce gaba ɗaya ba tare da an taɓa saiwa ba, ko da ya ke yana kawo sauƙi nan da nan, ga fiye da rabin mutane ciwon ya kan dawo in sabon ya fito, don saiwar da ta ƙera na farko ita ce za ta ƙera na biyu. Amma in an cire gefe aka kashe saiwarsa da finol, fiye da tara cikin goma sun rabu da shi ke nan. Likita shi zai duba ya zaɓi hanyar da ta dace da kowa, ya kuma faɗi ko ana bukatar maganin sha ko allurar tetanus. Mutanen Wamakko ba su da nisa da taimako: ga asibitin ƙashi a garin, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin birni, ga kuma ƙananan asibitoci inda malamin asibiti zai duba ya tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsa.

Waɗanda Ba Su Jira

Duk abin da muka faɗa na magani a gida, akwai mutanen da bai shafa ba. Na gaba cikinsu mai ciwon suga. Ciwon nan in ya daɗe ya kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Sai farce ya huda mutum bai ji ba, mikin ya ƙi warkewa, ruɓa ta kama yatsa ta hau sama. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibitocinmu daga miki ƙarami irin wannan suka faro. Mai suga ya dubi ƙafarsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In idonsa ya yi rauni ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa. Kada ya jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi, don yana iya ƙonewa bai sani ba, kada kuma reza ta kusanci yatsansa. Da ya ga ja ko kumburi, asibiti ran nan. Haka wanda kuturta ta taɓa kashe masa jin ƙafa, da tsoho mai sanyin ƙafa, da mai raunin garkuwar jiki.

Ko lafiyayye ma, in ya ga jan ya wuce yatsa yana hawa bayan ƙafa, ko kaluluwa ta fito masa, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko yatsan ya fara baƙi, to, kada ya kwana.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Mu da mu ke shirin zama malamai, wannan magana tamu ce kafin ta zama ta kowa. Kowace safiya a makaranta a kan jera yara a duba hannuwansu da haƙoransu da tufafinsu, amma ƙafa tana cikin takalmi ba mai tambayarta. Yaro kuwa ya kan ɓoye irin wannan ciwo, ko don tsoron reza, ko don ya san ubansa ba shi da kuɗin sabon takalmi. In muka ga yaro yana taka gefen ƙafa, ko ya take dunduniyar takalminsa, ko mai son ƙwallo ya koma gefen fili ya zauna, mu kira shi waje ɗaya, ba gaban 'yan'uwansa ba, mu ce ya tuɓe mu gani. In takalmin ne ya yi masa kaɗan, mu yarje masa ya zo da faɗe har ya warke, mu kuma aika wa uban da magana mai daɗi. Sau ɗaya a wata mu sa a tuɓe takalma a duba yatsu, mu zana farce biyu a allo, ɗaya a miƙe ɗaya a zagaye, mu nuna musu wanda ke kawo lafiya.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya koyi yankan farce a miƙe yana ɗan shekara goma, zai kai wannan gida ya koya wa ƙannensa, ya yi wa kakansa mai suga, ran da ya girma kuma aka miƙa masa takalmin aiki zai san ya gwada kafin ya karɓa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.